Yadda kwamfutar Kawu ta ƙi buɗewa, da hanyar da muka bi har ta dawo

Na rubuta wannan ne domin masu dattijo a gida, ko wani mai raunin gani da ya dogara da kwamfuta wajen karatu da rubutu. Abin da ya same mu a hunturun nan ya kai mu shagon gyara biyu a cikin Katsina, ya ci mana kuɗi, ya kuma kusa tafiya da rubutun shekaru, alhali tushen matsalar abu ne da ake warwarewa nan take idan an san inda za a taɓa.

Kawuna tsohon malamin sakandare ne, yana zaune a Rafin Daɗi. Hawan jinin ido ya rage mashi gani ƙwarai, littafi sai da ƙyar, amma a kwamfuta yana karatu da kanshi saboda Magnifier, manhajar da ke cikin Windows mai ƙara girman rubutu. A ciki yake ajiye lissafin kwamitin masallacin unguwa, da takardun fanshonshi, da tarihin gidansu da ya daɗe yana tattarawa daga bakin tsofaffi, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Kwamfutar ta tafi-da-gidanka ce, ta hannu, babban ɗanshi ya sayo mashi a Kano, Windows 10 ce a kanta.

Da hantsi ya kira ni ya ce ta ƙi karɓar lambarshi. Na je na tarar allon farko, mai hoto da agogo, yana fitowa lafiya lau, gurbin saka lambar sirri ma yana bayyana. Sai dai ka danna lamba babu abin da ke shiga. Jefi-jefi ka ji wani ɗan sauti, ɗigo ɗaya ya faɗa cikin gurbin, sauran su bi iska. Kawu ya ce jikokinshi sun yi hira a ɗakin da daddare, ƙaramin ya jingina da teburin kwamfutar tana kunne. A kusurwar dama ta ƙasan wannan allo akwai ƙananan alamomi: ta intanet, ta kashewa, da ta kayan taimakon masu buƙata ta musamman. Na san wannan ta ƙarshen tana fito da kibod na kan allo, wanda ake danna haruffanshi da linzami, don haka na danna ta. Maimakon jerin kayan taimako sai wata baƙar taga ta buɗe, da farin rubutu da ɗan layi yana ƙiftawa. Na rufe na sake, ita ce dai. Kawu ya ce, "Me ya fito, ɗana?" Na ce, "Kawu, wata baƙar taga ce." Ya ce ai ita ke fitowa duk sa'ad da hannunshi ya kai wurin, tun ranar da aka kawo kwamfutar, shi ya ɗauka haka aka ƙera ta.

Na ɗauke ta na hau napep zuwa wajen Ƙofar Ƙaura, inda masu gyaran waya da kwamfuta suke da yawa. Babu wuta a lokacin, batirinta kuma ba ya riƙe caji sosai, sai na zauna a benci har bayan azahar kafin aka tada janareta. Mai gyaran ya danna maɓallai biyu uku ya ce, "Malam, kibod ɗin ne ya mutu, ƙurar hunturu ta shige mashi." Ya ce sabo naira 15,000 ne, kuma sai an aiko daga Kano. Na roƙe shi ya gwada da kibod na waje mai igiya kafin mu yi ciniki. Ya jona, aka danna, hali ɗaya. Duk wanda ya kai wannan gaɓar ya tsaya ya yi tunani: kibod biyu daban ba za su kamu da ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya ba, saitin cikin Windows ne ke hana rubutun shiga. Shi kuwa sai ya sauya magana ya ce bairos ne, maganinshi fomatin, wato goge komai a sake saka Windows. Kafin in ankara ya kashe ta, ya shiga BIOS, wato saitin da ke tashi kafin Windows, ya sauya wasu abubuwa don ta tashi daga filashinshi. Na ce don Allah ya dakata, akwai takardun da ba su da kwafi a ko'ina. Ya zare filashin ya sake kunna ta. Wannan karon ko allon mai agogo bai fito ba. Shuɗin allo ne ya cika fuskar, an rubuta BitLocker a sama, ana neman wata doguwar lamba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce yanzu kam babu makawa sai fomatin. Na biya naira 2,000 kuɗin dubawa, na sa ta a jaka na fito gabana na faɗuwa, don na kawo ta da ciwo ɗaya zan mayar da ita da biyu.

Ya kamata in bayyana wannan shuɗin allo, domin shi ne ya fi tsorata mutane. BitLocker tsari ne da ke kulle duk abin da ke cikin rumbun ajiyar kwamfuta ta yadda ko an cire rumbun an kai wata na'ura ba za a iya karanta shi ba. Mabuɗin yana ajiye a wani ɗan guntun tsaro da ke jikin kwamfutar, ana kiranshi TPM. Idan aka taɓa saitin tashi, misali aka kashe Secure Boot, wato saitin BIOS mai hana baƙuwar manhaja tada kwamfutar, sai guntun ya ɗauka wani baƙo ne ke neman shiga, ya riƙe mabuɗin, a nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Aikinshi ke nan, ba lalacewa ya yi ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wasu kwamfutocin wannan kulle yana kunna kanshi da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma a cikin wannan asusun ake ajiye lambar ceton. Babu mai gyaran da zai fasa shi da wayo. Fomatin zai kawar da shuɗin allon, amma tare da duk abin da ke ciki.

Bayan magariba na faɗa wa Kawu gaskiyar halin da ake ciki. Ya yi salati, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce lissafin masallaci akwai shi a littafin ma'aji, fansho kuma ana iya sake nema, amma tarihin nan wa zai sake tambaya? Na kira ɗanshi da ke aiki a Kaduna, na ce, "Yaya, lokacin da ka saita wa Kawu kwamfuta, ka buɗe mashi asusun Microsoft?" Ya ce ƙwarai, ya turo mani adireshin imel ɗin da kalmar sirrinshi. Na shiga shafin asusun ta wayata, aka ce an aika lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajista da shi. Allah ya taimake mu layin Kawu ne, yana cikin ƙaramar wayarshi mai maɓallai. Saƙon ya yi jinkiri saboda sabis, muka zauna muna duba wayar har ya shigo. A cikin asusun, sashen na'urori, akwai shafin lambobin ceto na BitLocker. Kowace lamba tana da shaidarta a gefe, shuɗin allon ma yana nuna tashi shaidar, sai ka gwada haruffa takwas na farko ka ga sun dace kafin ka kwafa. Sun dace. Na rubuta lambar a takarda, rukuni 8, kowane rukuni alƙaluma 6, na maimaita karanta ta har na tabbata ban tsallake komai ba.

Ban saka ta da kaina a daren ba, domin ko ta wuce shuɗin allon, matsalar farko tana nan tana jira. Wani abokin aikina ya kwatanta mani shagon wani matashi da ya yi karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, a wani lungu da ke fita titin IBB. Da safe na je. Yana da sola, don haka babu jiran janareta, sai dai layin ɗalibai masu buga takardu, na jira har ya sallame su. Tambayarshi ta farko ita ce, "Yaya, me aka taɓa, kuma me ta fara yi kafin a taɓa?" Na ba shi labari daga farko, bai katse ni ba. Ya shiga BIOS ya mayar da Secure Boot yadda yake, sannan ya karɓi takardar ya fara saka lambar. A nan ya nuna mani abin da ya warware rabin maganar: kibod ɗin da aka ce ya mutu ya rubuta alƙaluma 48 cif, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce a wannan matakin Windows ba ta tashi ba tukuna, to idan kibod yana aiki a nan ya ƙi a can, ka san inda ciwon yake.

Allon mai agogo ya dawo. Ya ɗora yatsa a kan lamba ɗaya ya riƙe kamar daƙiƙa guda, ɗigo ya faɗa. Ya sake riƙe wata, ɗigo ya faɗa. Ya ce, "Filter Keys ne." Wannan saiti an yi shi ne domin masu rawar hannu, waɗanda yatsunsu ke taɓa maɓalli bisa kuskure ko su danna sau biyu. Idan yana kunne, Windows tana watsi da duk dannawar da ba a riƙe ba. Ana kunna shi ne ta hanyar riƙe maɓallin Shift na dama daƙiƙa 8, abin da gwiwar hannun yaro ko littafin da aka ɗora a gefen kibod zai iya yi ba tare da kowa ya lura ba. Ya riƙe Shift na dama, muka ji sauti, rubutu ya dawo daidai. Na tsaya ina kallon allon, raina a ɓace da tunanin cewa saboda wannan aka kusa goge tarihin gidan Kawu.

Ba mu shiga nan take ba. Saƙo ya fito cewa lambar PIN ba ta samuwa, sai an sake saita ta, abin da kan faru bayan an yi wasa da saitin tsaro na BIOS. Ya jona ta da intanet daga wayata ta alamar da ke kusurwa, muka koma kalmar sirrin asusun. Aka ce ba daidai ba ce, alhali da ita na shiga jiya a waya. A gefen gurbin akwai alamar ido, wadda in ka riƙe take nuna abin da ka rubuta. Ya riƙe, muka ga inda ya kamata a sami @ alamar zance ce ta fito. Kwamfutar daga Ingila aka shigo da ita, maɓallanta tsarin Ingila ne, allon shiga kuma yana kan tsarin Amurka, waɗannan alamomi biyu kuwa musayar wuri suke yi tsakanin tsarin biyu. Ya danna Shift da 2, @ ya fito, muka shiga. Kafin ya taɓa komai ya ce in sayi filashi, muka kwashe takardun Kawu gaba ɗaya. Sai da na ga fayil ɗin tarihin ya buɗe daga filashin a wata kwamfutar sannan hankalina ya kwanta.

Saura baƙar taga. Da na nuna mashi, fuskarshi ta sauya. Ya ce wannan tsohuwar dabara ce ta masu fasa kalmar sirri. Alamar kayan taimako tana kiran wani fayil mai suna utilman.exe. Wanda ya sami kwamfuta a kulle da kalmar sirrin tsohon mai ita, yakan maye gurbin wannan fayil da tagar ba da umarni, ya shiga ta nan ya sauya kalmar sirrin, ya sayar. Mai gaskiya cikinsu yana mayar da fayil ɗin, mai gaggawa ya bar shi haka. Illar biyu ce. Ta farko, duk wanda ya ɗauki kwamfutar kuma ya san abin, yana da cikakken iko a kanta tun kafin ya shiga, kamar an sa kwaɗo a ƙofar zaure an bar katangar baya a rushe. Ta biyu ita ta fi ci mani rai: an ɗauke wa mai raunin gani hanyar da aka tanadar mashi. Ta wannan alamar ce Kawu zai kunna Magnifier ko Narrator, mai karanta allo da murya, ko kibod na kan allo kafin ya shiga, ta nan ne kuma da na ga Filter Keys a kunne na kashe shi tun a ɗakinshi. Wanda ya yi wannan aiki bai kawo a ranshi cewa akwai mai buƙatar wurin ba.

Gyaran bai yi wuya ba. Ya buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa ya rubuta sfc /scannow, umarnin da ke bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya yana mayar da waɗanda aka sauya. Ya ɗauki lokaci, na fita na yi sallar azahar na dawo na tarar ya gama, ya ba da rahoton cewa ya sami fayilolin da suka ɓaci ya gyara su. Ya ce da ya gaza, akwai wani umarnin mai suna DISM da ke ɗauko lafiyayyun fayiloli ta intanet, sai dai yana cin data. Muka sake kunna ta, na danna alamar da hannuna, jerin ya fito: Narrator, Magnifier, kibod na kan allo, Sticky Keys, Filter Keys da sauransu.

Daga nan ya shiga saitin Ease of Access, wanda a Windows 11 ake kira Accessibility, sashen kibod, ya kashe gajeriyar hanyar kunna Filter Keys, ya kashe ta Sticky Keys, saitin masu danna maɓalli ɗaya-ɗaya maimakon biyu tare, mai tashi idan an danna Shift sau 5. Ya kuma nuna mani wani abu da ban taɓa sani ba: saitin allon shiga daban yake da na bayan an shiga. A cikin Control Panel, ƙarƙashin Ease of Access Center, akwai Change sign-in settings, inda ake zaɓar abin da zai tashi tun a allon shiga. Ya zaɓi Magnifier. Tun da aka sayi kwamfutar Kawu yake saka lambarshi da lalube, sai ya shiga sannan rubutu ya girma. Na yi ƙorafin tana jinkirin tashi, ya buɗe Task Manager da Ctrl, Shift da Esc, ya kashe tarin manhajojin da ke tashi tare da ita ba gaira ba dalili. Ya kuma saka NVDA, manhajar karanta allo da murya, kyauta ce, wata ƙungiyar Ostireliya mai suna NV Access ke kula da ita, makafi biyu ne suka kafa ta, an kuma fara aikin manhajar a 2006. Ya ce a ajiye ta saboda gaba, tunda ciwon ido irin na Kawu ba ya komawa baya. Kuɗin aikinshi naira 7,000, filashi daban.

Kafin in tafi ya gaya mani magana biyu da ba su yi mani daɗi ba amma gaskiya ne. Ta farko, kwamfutar da aka taɓa fasawa ba a san me aka bari a cikinta ba, abin da ya fi shi ne a sake saka Windows daga tushe, yanzu da takardu ke hannu kuma ba cikin firgici ba. Ta biyu, tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, an tanadi shirin ƙarin sabunta tsaro ga masu amfanin gida zuwa Oktoban 2026, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar sarrafawa wadda ba ta tsufa sosai ba. Wanda zai sayi ta hannu yanzu ya tambayi wannan kafin ya biya.

A gida na zauna da Kawu muka bi maɓallan da hannunshi. Maɓallin Windows da alamar tarawa na kunna Magnifier, Windows da Esc na kashe shi. Ctrl da Windows da Enter na kunna Narrator ko kashe shi, wanda ya kamata kowa ya sani, don gidaje da yawa sun tsorata da kwamfuta ta fara magana ita kaɗai. Na yanka filasta ƙanana na manna a kan maɓallan don yatsanshi ya gane su. Ya kashe ta ya kunna da kanshi, ya ga gurbin lambar ya fito da girma, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ashe haka ya kamata ta riƙa yi."

Ga wanda abin ya sama, kafin ka hau napep ka riƙe maɓalli ɗaya na daƙiƙa guda ka gani ko zai shiga, ka duba Caps Lock da Num Lock, ka riƙe alamar ido ka karanta abin da kake rubutawa. Idan allon ya yi baƙi ƙirin alhali fitilar kwamfuta na ci, Windows da Ctrl da Shift da B na farfaɗo da sashen hoto. Idan allo ya rikiɗe ya koma baƙi da rubutu mai ƙyalli, wataƙila an danna Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen ne, a sake danna su. Idan Windows ta ƙi tashi daidai, riƙe Shift yayin danna Restart na kai ka shafin gyara, inda ta Troubleshoot da Advanced options da Startup Settings ake shiga Safe Mode, wato tada Windows da abubuwan da suka zama dole kawai, da lamba 4, amma a can ma ana iya neman lambar BitLocker. Saboda haka ka nemo ta yau tun kwamfuta na lafiya, ka rubuta a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida. Ka kuma tabbata layin wayar da aka buɗe asusun da shi yana hannunka yana aiki, domin da layin Kawu ya ɓace da maganar ta yi mana tsawo.

A shagon gyara kuma, ka faɗa tun daga bakin ƙofa cewa ba a shiga BIOS ba a yin fomatin sai an tambaye ka, kuma ka faɗi cewa mai kwamfutar yana amfani da kayan taimako, don kada a kashe su da sunan tsaftacewa. Ranar da za ka sayi ta hannu, tun a gaban mai sayarwa ka kulle allon da Windows da L, ka danna alamar kayan taimako, sannan ka danna Shift sau 5, domin ta nan ma ana yin wannan dabarar. Idan baƙar taga ta buɗe, ka ce a sake saka Windows a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.